Wa ya je kallon 'yan rok ɗin nan na ranar Asabar a Rayfield?

Ɗan Gangare: Slm jama'a, barkanmu da war haka. Tambaya ce ke cina tun shekaranjiya, wai yaushe muka daina kiɗa da hannu ne? Na je wasan nan da aka yi a fili can bayan Rayfield a nan Jos, na masu jita, 'yan rok, kuma wlh abin ya tsaya min a rai. Mutum huɗu ne kacal a kan dandamali, ɗaya da ganguna, ɗaya da bes wato jitar nan mai kaurin sauti, biyu da jita, ba filashi ba kwamfuta ba wani dije a baya yana danna musu waƙa, duk sautin da ya shiga kunnenka kana kallon hannun da ya fitar da shi. Mu kuwa a namu taron yanzu mawaƙi zai hau ya ce dije sako min, ya riƙe makirfo yana mamin a kan muryarsa ta situdiyo, a yi masa liƙi a watse. Wa ya je a cikinku? So nake in ji ko ni kaɗai abin ya taɓa.

Maman 'Yan Biyu: Ashe ku ne kuka hana mu barci. Gidanmu fa ba kusa da wurin yake ba amma har tsakar dare tagoginmu na rawa, dum dum dum, yara suka ƙi kwanciya. Ban hana kowa nishaɗinsa ba amma a riƙa tuna akwai masu jego da marasa lafiya a unguwa.

Ɗan Gangare: Ayya Anti, ki yi haƙuri, Allah ya raya su. Ban zaci yana kaiwa can ba.

'Yar Tudun Wada: Na je! Ina gaba-gaba ta hannun dama kusa da sifika. Ka ga lokacin da tsirkiyar jitar dogon nan ta tsinke ana tsakiyar waƙa? Ni abin da ya burge ni kenan duk daren. Bai tsaya ba, kallon mai ganga kawai ya yi ya gyaɗa masa kai, sai mai ganga da mai bes suka riƙe kiɗan su biyu, shi kuma ya durƙusa ya ciro wata daga aljihun jaka ya zura ya ɗaure yana murɗawa yana kara kunne, mu kuma muna ta tafi muna bin gangar, da ya miƙe ya shigo daidai kan gaɓa sai wurin ya kaure da ihu. Kuma don sanyi har tururi kake gani yana tashi daga kan mai gangar cikin hasken fitila, rigarsa sharkaf da gumi alhali mu muna rawar ɗari cikin suwaita.

Abba Wuse: Ni gsky ban gane wannan kiɗan ba. Hayaniya ce kawai, jita tana ƙara mawaƙi yana ihu ba ka jin ko kalma ɗaya. Kuma kiɗan Turawa ne, me ya haɗa mu da shi.

Baba Dilimi: Yaro, zauna ka ji. Lokacin muna samari bayan yaƙin basasa, kiɗan nan da kake cewa na Turawa shi matasan ƙasar nan suke yi da hannunsu. Akwai Ofege, 'yan makarantar sakandare ne fa a Legas, faifansu na farko ya fito 1973 suna ɗalibai. Akwai BLO, su uku ne. Akwai Funkees daga gabas. A faifan garmaho muke jin su, wanda yake da rediyogaram a unguwa ɗakinsa ba ya rabo da mutane. Har shi Ginger Baker, Baturen Ingila mai ganga, da ƙafarsa ya zo Legas ya zauna ya buɗe situdiyo ya yi faifai da Fela a 1971, Paul McCartney, shahararren mawaƙin Ingila, ma a Legas ya zo ya ɗauki faifansa a 1973. To in su suna zuwa nan neman kiɗa, kai kuma ka ce ba ruwanmu da shi?

Abba Wuse: Allah ya ƙara girma Baba, ban san wannan ba. Amma duk waɗanda ka lissafa 'yan kudu ne ai.

Baba Dilimi: Haka ne. Mu namu a nan su marigayi Ɗan Maraya ne, kuma shi ne ma amsar tambayar da ɗana na Gangare ya yi. Kuntigi fa tsirkiya ɗaya ce, gwangwanin kifi aka rufe da fata, amma mutumin nan shi kaɗai zai tsaya gaban taro ya riƙe su har ya gama ba mai motsi. Tun da ya rasu a 2015 yara nawa kuka gani a Jos sun ɗauki kuntigi? Haruna Uji da gurminsa haka, Shata da 'yan kalangunsa haka, a fili suke yi, in mai kalangu ya kauce kowa ya ji. Fiyano ce ta zo ta kwashe wannan duka, yaro ɗaya a ɗaki ya haɗa maka ganga da sarewa da komai a yini guda.

Injiniya Bukuru: Bari in fara da maganar Maman 'Yan Biyu don tana da gaskiya, kuma aikina ne haɗa sauti a wajen taro. A cikin ɗaki bango yana dawo maka da sauti, a fili kuwa in ya tafi ya tafi kenan, shi ya sa dole a jera manyan sifiku a ƙure su. Siririn sauti irin na murya da jita iska tana cinye shi da wuri, amma mai kauri, na bes da babbar gangar nan ta ƙafa, yana tafiya nesa yana ratsa bango, shi ne dum dum ɗin da kika ji ba ki ji waƙar ba. Ga kuma dare, in ƙasa ta yi sanyi iskar sama ta fi ta ɗumi sai sauti ya riƙa lanƙwasowa ƙasa maimakon ya tashi sama, ya kai inda da rana ba zai kai ba, to balle Jos a Disamba. Da sun juya fuskar sifikun wajen duwatsu sun ba gidaje baya, sun kuma rage bes in dare ya yi, da abin ya zo da sauƙi sosai. Wannan ba ya cin ko sisi, sanin aiki ne kawai.

Maman 'Yan Biyu: Na gode Injiniya. To ku da kuka san su ku isar musu.

Ɗan Gangare: Oga Injiniya ni kuma wani abu na lura, da na koma can baya wajen masu tsire sai in ga sandar mai ganga ta sauka tukun sannan in ji ƙarar. Matsalar waya ce?

Injiniya Bukuru: A'a, haka Allah ya yi abin. Sauti yana cin kamar mita 340 a daƙiƙa ɗaya, haske kuwa nan take ne, to in kana mita 100 daga dandamali idonka zai riga kunnenka da kusan kashi ɗaya cikin uku na daƙiƙa. A manyan bukukuwa na waje suna kafa wasu sifiku a tsakiyar fili su ɗan jinkirta su don su haɗu da na gaba, in ba haka ba na baya zai riƙa jin waƙa biyu-biyu. Abin da ni ya ba ni haushi ranar shi ne ƙugin nan da ake ji ƙasa-ƙasa duk lokacin da aka yi shiru, alamar fitilu da kayan sauti janareta ɗaya aka ɗora su, bai kamata ba.

Ustaz Anguwan Rogo: Assalamu alaikum. Ba na son in ɓata muku hira amma haƙƙi ne in faɗa. An fara wasan nan tun kafin faɗuwar rana aka kai tsakar dare, ina Magariba ina Isha'i? Sannan maza da mata a cakuɗe ana tsalle, na kuma ji an ce har da giya ake sayarwa a gefe. Maganar kayan kiɗa kanta malamai sun yi bayani a kai kuma mafi yawa sun tsananta, kowa ya sani. Ni ina ganin ɗan Musulmi ya yi wa kansa faɗa.

Ɗan Gangare: Wa alaikumus salam Malam, Allah ya saka da alheri. Maganar salla kam mun yi, akwai mai shayi ta bakin geti ya ba mu buta muka shimfiɗa kwali, mun kai sahu biyu, kuma wani ɗan'uwa Kirista cikin masu gadi shi ya tsaya yana hana mutane gittawa ta gabanmu. Giya kuma akwai ta ba zan ɓoye ba, can gefe guda, ban je wajen ba. Sauran kuma ba zan yi jayayya da kai a kan abin da ka fi ni sani ba, amma ni abin da na je gani gwaninta ce, kuma ita na gani.

Ustaz Anguwan Rogo: Madalla da kuka yi salla. Amma ina nan a kan bakana, Allah ya shirye mu baki ɗaya.

'Yar Tudun Wada: Amin Malam. Ni dai abin da zan ce, rabon da in ga 'yan Bauchi Road da 'yan unguwarmu a fili ɗaya da dare ba wanda yake waige-waige har na manta. Duk wanda ya girma a garin nan bayan rikicin 2001 ya san me nake nufi, akwai unguwannin da tun muna yara ake ce mana kar mu shiga. Ranar wata yarinya mai hijabi ce a gefena, da aka fara turereniya ita ta riƙe min hannu.

Buzun Farin Gada: Jama'a ku ba ni wuri, don maganar nan ta iso gida. Abba da kake cewa na Turawa ne, wallahi ka je Agadas ka ga biki. A can in ana aure jita ake kawowa, a shimfiɗa tabarmi a fili a ja waya daga ƙaramin janareta, sifika ɗaya ko biyu duk sun sha ƙura, makaɗa su tsaya da rawunansu, mata su zauna gefe guda suna tafi suna guɗa, samari su riƙa shiga tsakiya bibbiyu suna rawa, tun la'asar har dare. Irin wannan wasan biki ne ya fitar da Bombino, shi ya fitar da Mdou Moctar, yau su ne suke hawa manyan dandamali a Amurka da Turai ana kiran abin da suke yi rok. Mdou bahago ne, jitarsa ta farko da kansa ya haɗa ta da katako da wayar burkin keke. Kuma abin da zai ba ku mamaki, faifansa na farko a Sakkwato ya ɗauke shi a 2008, da irin muryar nan ta kwamfuta ta waƙoƙin fina-finan Hausa, waƙoƙin suka bi memori da bulutut daga waya zuwa waya har suka tsallaka hamada. Tinariwen na Mali kuwa sun ci Grammy, babbar lambar yabon waƙa ta Amurka, a 2012. Har babban bikin kiɗa aka riƙa yi cikin rairayi a arewacin Mali tun 2001, mutane su zo kan raƙuma, Turawa su zo da jirgi, rikicin 2012 ne ya tsayar da shi. To mu maƙwabtanku ne, da yawanmu Hausa muke yi a kasuwa, abin bai yi muku nisa ba ko kaɗan.

Abba Wuse: Kai, a Sakkwato? To wannan kam zan nema in saurara. Irin na Buzaye ina jin daɗinsa, wancan mai ihun ne ba na so.

Mai Jita: Oga Abba bari in ɗan kare mai ihun tunda shi nake bugawa. Ƙarar nan da kake ji ba lalacewa ba ce, da gangan ake yi. Akwai ɗan akwati a ƙasa da muke takawa da ƙafa, shi yake sa sautin ya yi kaushi ya kuma daɗe bai mutu ba, sai ka ja tsirkiya ɗaya da yatsa ta yi ta kuka. Ka saurari goge da kyau ka dawo ka saurari wannan, za ka ji 'yan'uwan juna ne, shi ma goge ai ba sumul yake ba, kaushin nan ne daɗinsa. Kuma ku da kuke kallo ba ku san wahalar da yaran nan suka sha ranar ba, sanyi yana sa tsirkiya ta ɗaure sauti ya hau, shi ya sa kuka ga bayan kowace waƙa suna juya baya suna murɗa kan jita, ga yatsu sun ƙage, ƙarfe ne fa kake dannawa, na ga ƙaramin cikinsu yana hura hannu yana cusawa a hammata kafin a shiga ta gaba.

Ɗan Gangare: To Mai Jita kai za ka amsa min, me ya sa duk makaɗan da na gani ba ɗan unguwarmu ko ɗaya?

Mai Jita: Amsar a fili take ɗan'uwa, coci. Ni a can na koya, kusan duk wanda ka gani a dandamalin nan a can ya koya. Yaro ɗan shekara goma zai samu ganguna da jita da fiyano kyauta, ga wanda zai nuna masa, ga jama'a da zai buga a gabansu duk Lahadi, in ya yi kuskure a gyara masa, shekara biyar a haka ai dole hannu ya faɗa. Shi ya sa Jos ta fitar da su Panam Percy Paul da Jeremiah Gyang, kuma shi Jeremiah da Hausa yake yawancin abin da aka san shi da shi, da jita a hannu. Yaron Gangare ko Anguwan Rogo in yana sha'awa ina zai je? Da a gidan makaɗa ake gado, yanzu 'ya'yan makaɗan ma sun koma situdiyo.

Hajiya Mai Kwalliya: Ku kuna ta maganar gwaninta kun manta kuɗi. Ni harkar biki nake yi, in ka ce wa uwar amarya ta ɗauko makaɗa biyar da kayansu da motar da za ta kwaso su da abincinsu, ga dije can shi kaɗai da laftof zai sako mata duk waƙar da take so har da wadda aka yi da sunan amarya, wa kake ganin za ta ɗauka? Ba ƙin kiɗan hannu aka yi ba, tsada ya yi. Amma fa in an samu masu kalangu ko 'yan amada a wajen kamu, yadda iyaye mata suke tashi ba a haɗa shi da na dije, wannan na gani da idona ba sau ɗaya ba.

Nas Fati: Ni ta kunne zan yi magana, 'Yar Tudun Wada ke da kika ce kina kusa da sifika, da kika koma gida kunnenki bai yi ta ƙara ba kamar kukan gyare?

'Yar Tudun Wada: Wlh ya yi Anti, har washegari da rana.

Nas Fati: To wannan gargaɗi ne jikinki yake miki. A cikin kunne akwai wasu 'yan ƙananan gashi da suke karɓar sauti, in ƙara ta kashe su ba sa sake fitowa, kuma a hankali abin yake taruwa sai mutum ya manyanta ya ga ba ya jin magana cikin taro. A wajen aiki ma'aunin da ake bi shi ne desibel 85, wato awon ƙarfin ƙara, na awa 8, irin wannan wasan kuwa yana kai 100 har ya wuce, Hukumar Lafiya ta Duniya ma a 2022 ta fitar da ƙa'ida cewa wuraren kiɗa kar su haura 100. Ki sayi abin toshe kunnen nan na soso, ba shi da tsada, za ki ji kiɗan sarai, ki kuma daina tsayawa a bakin sifika. In ƙarar ta wuce kwana biyu ba ta tafi ba ki je a duba ki. Masu zuwa da jarirai kuma don Allah su bari, na ga hoton wata da goyo a gaba.

Abba Wuse: Mu nan Abuja matsalar daban ce, in an yi wasa a fili rabin gaban duk tebura ne na manya, masu son kiɗan na can baya, kowa kuma ya ɗaga waya yana ɗauka ba mai kallo da ido.

Ɗan Bauchi Road: Na je ni ma, kuma kiɗa ya yi, amma masu shiryawa su ji tsoron Allah a kan geti. Ƙofa ɗaya ce shiga da fita, da aka tashi kowa ya nufo ta lokaci guda ga duhu, wata ta faɗi sai da muka yi ta ihu a ja baya. Ba abin wasa ba ne, a Denmak a 2000 mutum 9 suka mutu a irin wannan bikin na rok saboda matsatsi a gaban dandamali, su da suke da kayan aiki kenan. Sannan abin hawa, achaba an hana, keke ba ya kaiwa wannan lokacin, masu tasi suka ninka kuɗi, mu shida muka matsu a mota ɗaya zuwa Terminus daga nan kowa ya san yadda ya yi. In za a sake a fara da wuri a tashi da wuri, Maman 'Yan Biyu ta samu barci mu ma mu samu mota.

Injiniya Bukuru: Wannan ita ce magana. Kuma dole dai a rani za a yi, don damina a Jos ba wanda zai fitar da kayan wuta fili. Su Ingila a bikinsu na Glastonbury cikin taɓo suke yi da takalmin roba, amma su wayoyinsu da dandamalinsu an yi su ne don ruwa.

Ɗan Gangare: Ba wanda ya taɓo abin da ya fi damuna har yanzu. Ƙungiyoyin nan kusan duk waƙoƙin Turawa suka yi ta maimaitawa da Turanci, suna yi da kyau ba laifi, mutane na gyaɗa kai. Amma da na ƙarshen nan suka sako wata tasu da Hausa, mai ganga ya juya kiɗan ya koma irin takun kalangu, jita tana amsa wa mawaƙi yadda 'yan amshi suke yi, ba ku ga yadda filin ya rikice ba? Har masu tsire suka bar wuta suka matso. Waƙa ɗaya tak a dare guda. Me zai hana a yi goma? Ga Buzaye sun yi da harshensu duniya ta karɓa ba tare da ta ji me suke cewa ba.

Mai Jita: Tsoro ne, suna ganin in ba Turanci ba ba za a kira shi rok ba. Kuma Hausa tana da wuyar ɗorawa, kalma tana da hawa da sauka da ja, in ka tilasta ta bi kiɗan da aka yi don Turanci sai ma'ana ta karkace, dole kiɗan ne zai bi maganar. Wannan sai wanda ya tashi da jin su Shata a kunne, shi ya sa nake cewa ku ne ya kamata ku shigo.

Baba Dilimi: A samo mai gurmi ko mai kukuma na gaske a zaunar da shi da yaran nan wata ɗaya a ɗaki ɗaya, ku ga abin da zai fito. Akwai su har yanzu a ƙauyuka, ba mai neman su ne.

'Yar Tudun Wada: Ni ganguna nake so in koya, da gaske nake. Ana koya wa mata?

Mai Jita: Sosai ma, akwai mata biyu da nake gani suna bugawa a garin nan kuma hannunsu ya fi na maza da yawa nauyi. Ki fara da sanduna biyu da matashin kai a gida, ƙafar dama tana taka ɗaya da uku hannun hagu yana sauka a biyu da huɗu, ki yi ta yi a hankali har ki daina ƙirgawa. Ɗan Gangare kai kuma in jita ce akwai wata tsohuwa a wajena ba na amfani da ita, tsirkiya biyu ne babu, ana samu a shagunan kayan kiɗa cikin gari. Sati biyun farko yatsu za su yi ciwo har su yi kanta, kar ka ajiye.

Ɗan Gangare: Ina so wlh, na gode. Lahadi bayan La'asar kana gida? Zan zo da ƙanina, shi ya fi ni kunne.

Mai Jita: Ina nan. Ku yanke farcen hannun hagu kafin ku zo.